Abin Da Ya Kamata A Yi Bayan Aukuwar Haɗarin Mota



An saba idan aka tashi yin lacca a kan haɗarin mota, sai a ƙare lokaci duka ana jan kunnen direbobi game da gudun wuce sa'a, da lodin da ya fi ƙarfin mota, da tsohuwar taya, da tuƙi cikin gyangyaɗi. Wannan jan kunne yana da kyau, gama rigakafi ya fi magani. Amma ni yau zan fara ne daga inda waɗancan laccoci suke tsayawa, wato daga lokacin da mai aukuwa ta riga ta auku, ƙura ta lafa, ga mota a kife a gefen hanya, ga mutane a kwance, ga kuma jama'a sun fara taruwa. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wanda Allah ya sa yana wurin, ko yana cikin motar ko kuwa wucewa ya zo yi, me zai yi, me kuma zai hana a yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe waɗanda ke tsakanin shekara 5 da 29 da haihuwa, wato tsarar yawancin ɗaliban da ke zaune a wannan zaure. Sai dai waɗannan mutane ba duka ne suke cikawa nan take ba. A shekarar 1983 wani likitan fiɗa na Amurka mai suna Donald Trunkey ya nuna cewa mutuwar da ke biyo bayan rauni kashi uku ce. Wajen rabin mamatan sukan cika ne cikin 'yan mintoci, saboda ƙwaƙwalwa ko zuciya ko babbar jijiyar jini ta fashe, waɗannan kuwa ko a ƙofar asibiti abin ya same su da wuya a cece su. Kamar uku daga cikin goma sukan mutu cikin 'yan sa'o'i na farko, galibi don zubar jini ko toshewar numfashi. Sauran su ne waɗanda suke kwana da kwanaki a asibiti, kana ciwon ya rinjaye su. To, kashi na biyun nan su ne abin maganarmu, domin rayuwarsu tana rataye ne a hannun wanda ya fara isowa gare su. A kan hanyar Kano zuwa Zariya, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, wanda ya fara isowa da wuya ya zama likita. Manomi ne da ke gefen hanya, ko direban wata mota, ko ɗalibi mai komawa makaranta bayan hutu.

Abu na farko shi ne kada haɗari ɗaya ya haifi na biyu. Wanda ya tsaya don taimako ya wuce da motarsa gaba kaɗan, ya sauka daga kan kwalta sosai, ya kunna fitilun gargaɗi. A kafa alamar nan mai kusurwa uku can baya, kamar taku hamsin ko fiye, idan kuwa a kwana ne ko bayan tudu, to a kai ta inda mai tahowa zai hango ta tun bai karyo kwanar ba. Al'adar nan tamu ta jera ganye a kan titi tana da amfani da rana, amma da dare direba ba ya ganinsa sai ya taka shi, saboda haka a tsayar da mutum da tocila a gefen hanya, ba a tsakiyarta ba. Duwatsun da akan jera kuwa, wallahi sun sha kashe masu babur bayan an janye motar an manta da su, don haka wanda ya sa abu a hanya shi ne da alhakin ɗauke shi. Sa'an nan a kashe injin motar da ta yi haɗarin, a zare makulli, a ja birkin hannu ko a sa mata waigi, a hana kowa kunna taba ko ashana a kusa.

Game da tankar mai, magana ɗaya ce: a yi nesa da ita, a kuma kori jama'a. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya bi kwata da kwari ya yi nisa, ƙyastu ɗaya kuwa ya ishe shi, ko daga salansar babur ko daga bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. A watan Oktoba na 2024 tanka ta faɗi a garin Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Ba a rufa wata huɗu ba, a Janairun 2025, irin wannan ta sake faruwa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasu. A duka wuraren biyu, faɗuwar tankar ba ita ta yi wannan ɓarna ba, abin da aka yi bayan faɗuwar ne ya jawo ta. Na san talauci ne yake tura mutum ya ɗauki jarka, ban kuma zo nan don in zargi mamata ba, amma mai ilimin da ya tarar da irin wannan taro bai buɗe baki ya yi gargaɗi ba, lalle akwai abin da ya rage masa.

Daga nan sai neman agaji. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, tana da lambar waya ta kyauta, 122. Akwai kuma 112, lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. Kada a ce wa taro "wani ya buga waya", domin kowa zai zaci wani ya buga. A nuna mutum ɗaya da yatsa a ce masa shi ya buga. Mai bugawar kuma ya faɗi wurin da kyau, wace hanya ce, tsakanin wane gari da wane gari, kusa da wace gada ko wane gidan mai, mutum nawa suka ji ciwo, akwai wanda ya maƙale a mota ko babu, akwai wuta ko man da ke zuba.

Yanzu mu zo ga su waɗanda suka ji rauni, a nan ne kuma zan daɗe. Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya ruga wurin mai ihu. Amma mai ihu yana numfashi, kuma yana cikin hankalinsa. Wanda ya yi shiru, shi ne abin fara dubawa. A durƙusa kusa da shi, a yi masa magana da ƙarfi, a taɓa kafaɗarsa. Idan bai amsa ba, a kara kunne a bakinsa, a duba ko ƙirjinsa yana ɗagawa, na tsawon daƙiƙa goma. Dalilin wannan gaggawa shi ne, mutum idan ya suma yana kwance rigingine, naman jikinsa yakan saki, harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro, ko jini da amai su taru a nan, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan iska ta yanke mata. Mutane da yawa sun mutu a gefen titi da raunin da bai isa kisa ba, harshensu ne kurum ya shaƙe su. Maganin abin ba ya bukatar kayan aiki. A share abin da ake gani a cikin bakin, a sa yatsu a bayan muƙamuƙinsa dama da hagu a turo haɓar gaba a hankali, ba tare da an lanƙwasa wuyan ba. Idan yana numfashi amma yana amai, ko kuwa dole a bar shi a je ga wani, to a juya shi ya kwanta a gefensa, mutum ɗaya yana riƙe da kai don ya juya tare da gangar jiki kamar gungumen icce, yadda abin da ke bakin zai zubo waje.

Idan kuwa babu numfashi sam, sai a kwantar da shi a wuri mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a ɗora ɗayan a kai, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya yakan hura masa iska sau biyu bayan kowane danni talatin. Gaskiyar magana, zuciyar da ta tsaya saboda zubar jini da wuya danni ya tashe ta, saboda haka idan masu rauni suna da yawa masu taimako kaɗan ne, a fi ba da ƙarfi ga wanda yake da rai yana zubar da jini.

Jinin da ke jikin babban mutum wajen lita biyar ne, idan babbar jijiyar cinya ta yanke kuwa, 'yan mintoci sun isa ya tsiyaye. A sami tsumma mafi tsabta da ke kusa, rawani ne ko ɗankwali ko gefen zane, a ninke a danne bakin ciwon da ƙarfi, a ci gaba da dannewa ba ɗagawa. Babban kuskure shi ne a riƙa ɗaga tsumman ana leƙawa ko jinin ya tsaya, domin kowace ɗagawa tana ɓamɓare gudan jinin da ya fara toshe wurin. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Idan ciwon a hannu ne ko ƙafa, jini kuma yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, to a ɗaure gaɓar daga sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada kuma a kwance sai a gaban likita. Igiya ko waya ba su dace da wannan ba, yanka nama suke yi. Ƙarfe ko gilashin da ya nutse a jiki a bar shi inda yake, a tallafe shi da tsumma ta gefe da gefe, gama sau da yawa shi ne yake toshe jijiyar da ya huda. Ƙasa da toka da baƙin mai da kashin shanu, waɗanda wasu suke zubawa a ciwo, hanya ce ta shigar da cutar tatanas, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Wanda ya ƙone kuma, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har minti ashirin, a cire zobe da agogo tun wurin bai kumbura ba, a bar ɗanyen ƙwai da man goge baki a inda suke.

Akwai wani taimako da ya zama mana jiki, wanda nake roƙon ku yaƙe shi duk inda kuka gan shi, shi ne ɗura wa wanda ya ji rauni ruwa ko madara ko lemon kwalba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan huhunsa zai tafi. Wanda yake cikin hayyacinsa kuma mai yiwuwa ne a yi masa fiɗa in an isa asibiti, cikin da ke ɗauke da abinci kuwa haɗari ne ga wanda za a sa wa maganin barci. Mai zubar jini yakan ji ƙishirwa mai tsanani, ya yi ta roƙo har tausayi ya kama mutum. A jiƙa masa leɓe kurum, a lulluɓe shi don kada sanyi ya kama shi, a yi ta yi masa magana mai kwantar da rai.

Sai batun ɗauka, inda mafi yawan gyaran gangar Auzinawa yake faruwa. A cikin ƙashin baya, tun daga ƙeya har ƙugu, akwai laka, wadda ita ce take kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ƙashin wuya yana iya karyewa lakar ba ta taɓu ba, mutumin yana motsa hannu da ƙafa lafiya lau. Sai masu taimako su zo, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, a cusa shi a bayan tasi a naɗe, karyayyen ƙashin ya datse lakar. Lakar da ta yanke ba ta haɗuwa, mutumin da zai warke cikin 'yan watanni sai ya ƙare rayuwarsa a kwance. Saboda haka duk wanda ya suma, ko yake kukan wuya ko baya, ko ya ce gaɓoɓinsa sun mutu, a ɗauka ƙashin bayansa ya taɓu. Kada a fizgo shi daga mota sai in wuta ce ko ruwa ko wani abin da zai kashe shi nan take. Mai babur kada a tuɓe masa hular kwano sai in ta hana shi numfashi. In ɗauka ta zama dole, kuma a ƙasarmu sau da yawa takan zama dole don motar asibiti ba ta kusa, to a nemi abu mai faɗi mai tauri, ƙyauren ƙofa ko katako ko benci, mutum huɗu su mirgina shi a kai, wanda ke riƙe da kai shi ne mai ba da umarni, a tare kan da tufafi dama da hagu, a ɗaure shi. A-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujerunta sun fi ƙaramar mota dacewa da wannan aiki. Direban kuma ya tafi a hankali, sauri ya haifi nawa.

Wani likitan Amurka, R Adams Cowley na birnin Baltimore, shi ya yaɗa maganar cewa sa'a ta farko bayan rauni sa'a ce ta zinariya. Ba wai minti sittin cif ake nufi ba, manufar ita ce jinin da ke zuba a cikin ciki ko cikin ƙoƙon kai ba mai tsayar da shi sai likitan fiɗa, don haka a nufi asibitin da ake fiɗa kuma ake ƙarin jini, ko da ya ɗan fi ƙaramin ɗakin shan magani nisa. Mutane da yawa suna tsoron kai wanda ba su sani ba asibiti, don gudun a ce sai an kawo takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya, ko a riƙe su a ce su suka buge shi. Ya kamata ku sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba mai bukatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma yanka wa wanda ya saɓa tarar naira dubu ɗari, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ku faɗi wannan da ladabi a inda ya kamata, domin doka ba ta aiki sai an san da ita.

Wanda ya fito daga mota da ƙafarsa yana hamdala, shi ma ya je a duba shi. Akwai irin zubar jinin da kan auku a cikin kai, mutum ya farfaɗo ya yi hira ya tafi gida, bayan 'yan sa'o'i ya suma bai ƙara tashi ba. Saifa ma takan tsage ta riƙa yoyo a hankali. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon ciki, jiri, ko fitsari da jini, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti ko da tsakar dare ne. Mace mai ciki kuwa a duba ta ko ba ta ji komai ba. Game da karaya, ba na raina masu ɗori, sana'a ce ta gado, kuma sun yi wa jama'a aiki tun kafin a gina Asibitin Ƙashi na Dala. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu, da ta baya, da wadda ta shiga gaɓa, ba nasu ba ne. Ɗaurin karan da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka yi baƙi, shi ne yake kai yara ga yanke hannu. A fara ɗaukar hoton ƙashin tukuna, kana a yi shawara.

Mu juya ga doka. Direban da ya yi haɗari wajibi ne ya tsaya, ya taimaka, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, rashin yin haka laifi ne mai zaman kansa ko da ba shi ne da ganganci ba. Mun san akwai wuraren da taro kan far wa direba, musamman in yaro ya buge, har a ƙone motar da ita ce kaɗai za ta kai yaron asibiti. Direban da ya ga ransa yana cikin haɗari, ya wuce kai tsaye zuwa caji ofis mafi kusa ya ba da kansa, ya faɗi inda mai raunin yake. Wannan daban yake da gudu. Idan ba a ji ciwo ba, ƙarfe ne kawai ya lotse, to a ɗauki hoton motocin yadda suka tsaya, da lambobinsu, da sawun birki, a karɓi sunan direban da lambar lasisinsa da takardar inshorarsa da sunayen shaidu biyu, sa'an nan a janye motocin daga hanya. Cacar baki a tsakiyar titi ba ta taɓa gyara fitilar mota ba. Wayar da ke hannu kuma don shaida take da neman agaji. Ɗaukar hoton gawa ko na mace da tufafinta suka yage a watsa wa duniya, har uwa ta ga ɗanta kafin a zo mata da gaisuwa, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Mamaci a rufe shi, kayansa da kuɗinsa amana ne, a ƙirga a gaban shaidu a miƙa wa hukuma.

Doka ta wajabta wa kowace mota a Nijeriya inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan uku. Yawancinmu muna sayen takardar ne don nuna wa ɗan sanda a shinge, ba mu taɓa tunanin neman haƙƙi da ita ba, wasu ma ta jabu suke riƙe da ita ba su sani ba. Wanda takardarsa ta gaskiya ce ya sanar da kamfanin da wuri, a rubuce, tare da rahoton 'yan sanda, kada kuma ya sa hannu a wata yarjejeniyar biya kafin kamfanin ya sani, don yin haka yana iya ɓata masa da'awarsa. Sulhu alheri ne, kuma shari'ar Musulunci ta yi bayanin kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, inda ta ambaci diyya ga magada sai in sun yafe, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Amma yafewar magada ba ta ɗauke wa direba kai rahoto ga hukuma, kuma duk sulhun da aka yi a rubuta shi a gaban shaidu. Ina kuma ganin bai dace ba a matsa wa matar da aka bari da marayu ta ce ta yafe tun ana zaman makoki, alhali ba ta san abin da ta yafe ba.

Ga ma'aikata akwai ƙarin bayani. Wanda ya yi haɗari da motar gwamnati ya sanar da jami'in sufuri na ma'aikatarsa a ranar, ya bi da rahoto a rubuce, kada ya kai ta garejin makanike a ɓoye don gudun tuhuma, gama ɓoyewar ta fi haɗarin nauyi in ta tonu. Sa'an nan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga ma'aikacin gwamnati ko na kamfani da ya ji rauni a bakin aiki, har da wanda abin ya same shi a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Dokar ta ce ma'aikacin, ko iyalinsa in ya rasu, su sanar da ma'aikatar cikin kwana 14, ita kuma ta kai rahoto ga hukumar asusun inshorar ma'aikata cikin kwana 7. Saboda haka a adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da rasiɗin kowane magani, da rahoton 'yan sanda, a cikin fayil guda, a kuma gaya wa iyali inda yake.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini takarda cewa lokaci ya cika. 'Yan agaji na Red Cross sun kawo tabarma da ƙyaure a bayan zaure, bayan tambayoyi za su nuna yadda ake juya wanda ya suma da yadda ake ɗora shi a kan katako, ina roƙon kowa ya tsaya ya gwada da hannunsa.